Sha'irin Gonar Ishbel

Shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa a tsibirinmu, Ishbel MacAskill ta yi asarar fiye da rabin sha'irinta. Tun yana tsaye a gona ya fara tsiro. Ita kuwa da shi kaɗai take dafa wuski, haka ma aka rubuta a jikin kowace kwalba tun mijinta na da rai: daga gona ɗaya.

Torquil, ƙanin mijin, shi ke kula da tukunyar tagullar da ake dafa wuskin. Bai shawarce ta ba ya sayo sha'ir daga ƙetaren ruwa. Ranar Talata da hantsi jirgin fito ya sauke babbar mota ɗauke da sha'irin, labari ya riga motar isowa. Ishbel ta hau tarakta ta gicciye ta a bakin ƙofar gona, ta kashe inji, ta zauna cikin yayyafi.

Torquil ya fito yana goge hannu. "Ishbel, matsar da wannan akwalar."

"Na wace gona ne wancan?"

"Sha'ir ai sha'ir ne. In ya shiga tukunya wa zai gane?"

"Ni."

"Ke da ko mura kika yi ba kya bambanta shayi da ruwan wanki?"

"To ka jira in yi murar."

Direban ya leƙo ya ce jirgin ƙarfe uku fa ba ya jiran kowa. Ishbel ta miƙa masa burodi da cuku daga aljihun rigar ruwanta, ta ce gara ya kama hanya da wuri.

"Tukunya za ta yi wata bakwai a kashe," in ji Torquil. "Ko yayana ne da kansa, da ya karɓa."

"Yayanka na kwance bayan coci, je ka tambaye shi. In ya ce a karɓa, a goge rubutun kwalba tukuna, sannan a goge sunana."

Motar ta juya da kayanta. Abin da ya tsira na sha'irin suka jiƙa, suka shanya, suka busar da hayaƙin baƙar ƙasar fadama da muke ƙonawa a madadin itace. Ganga tara suka samu a maimakon talatin. Torquil bai ƙara yi mata magana ba sai ranar Kirsimeti, shi ma gishiri ya ce ta miƙo masa.

Bayan shekara takwas aka buɗe gangar farko. Wuskin ya fito da nauyi, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani dillali daga Glasgow ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce zai kwashe duka in ta yarda a gauraya da na wasu don ya yi laushi.

Torquil ne ya karɓe kofin daga hannunsa. "Ba a gauraya namu," ya ce.

Ishbel ta ɗura shi a kwalba yadda yake. Baƙi kaɗan ne suka saya. Mu mutanen tsibiri muka shanye sauran, a bukukuwan aure da zaman makoki, cikin shekara huɗu.