Takobi Mai Cin Ido

"Ido guda? Haba Malam Sharfaddeen, sai ka ce daga Dubai aka shigo da takobin," in ji Rumaisa. Ta ture katin wasan mai hoton takobin da yatsa kamar atamfar da ta sha rana. "Rage mini."

Sharfaddeen ya gyara tabarau. Shi ya ƙirƙiro wasan, shi ne kuma alƙalinsa. Duk Asabar da la'asar yakan shimfiɗa taswirar da ya zana a bayan kwali a barandar shagonsa na buga takardu da ke Bukan Sidi, kowa ya ɗauki jaruminsa, a jefa ƙwayar lido, shi kuma ya faɗi abin da ya faru. Dokarsa ɗaya ce, yana ji da ita kamar 'yar fari: makamin sihiri ba ya aiki kyauta. Takobin nan yana sare kowane dodo, amma kowane sara sai ya cinye ido ɗaya na mai riƙe da shi.

"Doka ce," ya ce, da muryar da ko shi bai yarda da ita ba.

Aondohemba ya yi tari. Abokin Sharfaddeen ne tun sakandare, kuma daga gonarsa ta doya a Assakio yake tahowa bisa babur saboda wasan nan kaɗai. Makon jiya jaruminsa na wasan, wani maharbi da yake raino tun farkon damina, ya jefa wani mashi mai shan jinin mai jefa shi don ya ceci jarumar Rumaisa. Jinin ya ƙare. Aondohemba ya roƙi a bar wa maharbin ko numfashi ɗaya, Sharfaddeen ya yi masa lacca kan adalci har aka kira magariba. Yau Aondohemba ɗan dako yake wasa da shi, mai sanda da jaki gurgu.

"To ido ya yi tsada," Rumaisa ta ci gaba. A shagon atamfar babanta ta girma, inda karɓar farashin farko abin kunya ne. "Ya ci gira."

"Gira ba ta cikin lissafi."

"Shi ya sa na zaɓe ta."

Ta yi murmushi. Wata biyu ke nan Sharfaddeen na ƙera duwatsu da koguna da aljanu domin murmushin nan, har ya sa wa wani tafki suna mai kama da nata, ba ta ma lura ba.

"Alƙali," Aondohemba ya ce a hankali, "mashin da na jefa bai san gira ba?"

"Mashi daban, takobi daban."

"Eh, na gani. Mai riƙewa ma daban." Ya tattara makullinsa. "Faɗa mata ido ne, in zauna. In gira ne, abeg, ka riƙe jakin naka, man babur yana tsada."

Sharfaddeen ya dubi abokinsa, wanda ya taɓa goya shi a baya zuwa asibiti. Ya dubi Rumaisa, wadda ke gyara mayafi. Ya auna su biyun da dukan hikimarsa.

"A wasu tsofaffin ruwayoyi," ya ce, "takobin nan gira yake ci."

Wai tsofaffin ruwayoyi, a wasan da bara kawai ya rubuta. Aondohemba ya miƙe, ya kwantar da jakinsa na kwali a gefen taswira yadda ba za a taka shi ba, ya sauka daga baranda.

Rumaisa ta jefa ƙwaya. Ba ta ma duba abin da ya fito ba. Dodon da Sharfaddeen ya yi sati yana shiryawa, mai kai bakwai da tarihi mai sa kuka, ya faɗi da sara ɗaya.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Kin ci. Daular taki ce."

Ta yi hamma, ta rufe baki da gefen mayafi. "Makon jiya sai da gabana ya faɗi. Mutum ya san mashi zai shanye shi, amma ya jefa." Ta ɗauki jakarta. "Ban ma yi masa godiya ba. Bari in tare shi kafin ya tayar da babur."

Sharfaddeen ya zauna da daularsa, yana jiran ya ji ƙarar babur ɗin. Keke-napep suka wuce, mai rake ya wuce, inuwa ta rufe taswirar. Babur ɗin bai tashi ba. Daga can bakin titi dai ana ta dariya.