Ƙusa a Ƙwaryar Tatsa

Kai ma ka shiga zauren nan na Magariya ranar buɗewa. Ka ga ƙorai a jikin bango, ka ce sun yi kyau, ka wuce inda ake raba lemu. Ba ka tambayi yadda aka yi ƙwarya ta tsaya a bango ba. To zauna ka ji.

Yero ɗalibi ne a wata jami'a, ɗan wata ruga kusa da Guci. Da zauren nune-nunen jami'ar ya shirya kawo baje kolin fasaha Magariya, shugaban zauren, Mushe Baƙo, wato Malam Baƙo, ya kira shi ya ce ai ku kuna da ƙorai masu zane, a samo na asali. Kan Yero ya kumbura. Ya hau kabu-kabu sai wurin Goggo Salima, yayar mahaifinsa.

Goggo ba ta ba da aron ƙoranta. Uwarta ce ta ba ta su da ta yi haihuwar fari, har da baƙar ƙwaryar tatsa wadda hayaƙi da man shanu suka rine. Ita ma jira take 'yarta Hamsatu ta sauka ta miƙa mata, don cikin ya tsufa.

"Ɗan lakkwal, ɗan boko, mutanen nan ba su da ƙwarya a gidajensu ne?"

"Kallo kawai za su yi, Goggo. A irin wurin nan ko taɓawa ba a yi."

"To me suke ci a kallon?"

"Ilimi."

Ta yi dariya har ta share ido, sannan ta ɗaure su a tsumma. Yero ya dafa ƙirji ya ce a wuyansa, za su dawo yadda suka tafi kafin suna.

Ranar buɗewa ya sa riga mai guga. Yana shiga ya hango su can sama, suna ƙyalli kamar sabon takalmi. Ya matsa kusa. A tsakiyar kowace akwai kan ƙusa. An kankare baƙin ƙwaryar tatsa, an shafe ta da berni, man nan da kafintoci ke shafa wa kujera.

Ya ja Mushe Baƙo gefe.

"Mushe, an huda su."

"An ɗaga su, za ka ce. In ka ajiye al'ada a kan tebur, mai kallo ƙasa zai dube ta. A bango kuwa dole ya ɗaga kai."

"Amma nono ake zubawa a ciki."

"Da can. Yanzu sun wuce nan. Ka ga dattin da muka cire kuwa?" Ya dafa kafaɗarsa. "Af, ka tuna mini, ni zan duba aikinka na ƙarshen shekara ko?"

Yero ya juya ya koma wurin ƙoran. Ya miƙa hannu zai shafa ƙwaryar, mai gadi ya buge hannun ya ce an hana taɓawa.

Aka shiga jawabai. Wani malami ya yi dogon bayani kan matsayin ƙwarya a tunanin ɗan Afirka. Wani ya tashi ya koka yadda mutanen ƙauye ba su san darajar abin da ke hannunsu ba. Aka tafa. Yero ya duba, ya ga hannayensa ma suna tafawa.

Da aka rufe baje kolin aka ba shi ƙoran a kwali, da takardar yabo mai hatimi. Ya isa ruga ya tarar Hamsatu ta sauka, mata sun fara taruwa.

Goggo ta ɗauko ƙwaryar tatsa ta shinshina, ta kawar da kai. Ta ɗaga ta sama, ta leƙo shi ta cikin hudar. Sannan ta sa aka kawo ruwa ta zuba, ya tsiyaye a kan takalminsa.

"Ka ce ba a taɓawa."

"Baƙi ne ba sa taɓawa, Goggo."

"Ashe. Wannan aikin 'yan gida ne."

Ya ce zai kai wa mai ɗinkin ƙwarya a kasuwar Guci. Ta ce huda tana toshuwa, amma wa zai sha nono mai warin kujera? Ya miƙa mata takardar. Ta juya ta gaba da baya, ta tambayi matan ko akwai mai son kunna wuta.

"Kwashe ka mayar musu," in ji ta. "Su ƙarasa karatun."

Ranar suna, robar kasuwa Goggo ta miƙa wa Hamsatu a gaban dangi, kanta a sunkuye. Yero bai iya shiga ba, a bayan garke ya wuni.

Yanzu baje kolin zai koma garin Dungas, kuma Mushe Baƙo ya aika garin Bande a aro masa tulunan mata. Tulu ne fa, ga kuma mutumin da ya yarda da bango. Ka tashi ka riga motarsa isa Bande, ka bi gida-gida ka faɗa wa matan nan abin da aka yi wa ƙoran Guci. Wadda ta riga ta bayar, ka raka ta ta karɓo abinta yau.