Babban Yatsan Baba Kafinta

"Zazzage jakar nan a kan tabarma," in ji Baba Kafinta da bakinsa da ya karkace gefe guda. "Mai Aski, matso ka duba min."

Mai Tausa bai yi musu ba, ya zazzage. Kwalbar mai ce, da tawul, da wata 'yar ƙwallon roba. Na buɗe kwalbar na sunsuna, na ɗiga a bayan hannuna in ga ko zai sauya launi. Tawada muke nema, ni da Baba, kuma ba mu ɓoye masa ba.

Shagon askina manne yake da shagon Baba, ɗakin kwanansa kuma yana bayan shagon. Shekara da shekaru ta bango nake jin kukan zartonsa. Da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun ya dunƙule kamar zai kai wa wani naushi. Likita ya ce a riƙa yi masa tausa, in ba haka ba farata za su nutse cikin tafin hannun ya zama gyambo. Ɗansa Dogo ne ya samo mai tausar, kuma daga nan rigimar ta taso.

Baba bai iya rubutu ba, duk takardar da ta taɓa bi ta kansa dangwala mata yatsa ya yi. Babban yatsansa na hagu kuwa zarto ya cinye shi tun yana saurayi. Saura na dama, shi ma yana can cikin dunƙulen, sauran yatsun sun kwanta a kansa. Sannan ni da idona na ga Dogo, uban na kwance a asibiti, ya kawo wani mutum mai tumbi suna auna gaban shagon da tef. Wai rufin kwano za a gyara. Yo rufi ana auna shi daga ƙasa ne? Na gaya wa Baba mana, me zai hana. Tun daga ranar ya yanke cewa so ake a buɗe masa hannu a lallaɓa shi ya yi barci, a dangwala yatsan a takardar sayar da shago. Ya hana Dogo taka ɗakin, ni kuma ya naɗa ni mai gadi.

Mai Tausa gajere ne, mai kaurin hannu, ga surutu kamar rediyo. Ba ya fara taɓa hannun. Sai ya murza mai a tafinsa ya yi ɗumi, ya kama kafaɗa, ya gangaro damtse, ya sake turawa sama, wai yana koro jini ya zaga. Yana yi yana ba mu labarin inda ya fito: jaririyar da kumburin ciki ya hana barci, da mai cikin da ƙafafunta suka ƙi shiga takalmi, da direban babbar motar da ƙugu ya riƙe wa. Ya ce daga ɗan wata guda har mai furfura babu jikin da ba ya son a taɓa shi. Ni dai na ce a raina, daɗin baki ke nan, irin wanda ake yi wa mutum kafin a cuce shi.

Sai dai gaskiya kumburin ya sauka. Ihun da Baba ke yi in jijiya ta ɗaure masa ya ragu. Abin takaici kuma, barci ya fara zuwa masa mai daɗi, wanda shi ne ainihin abin da yake gudu.

"In ka ga ina gyangyaɗi ka mintsine ni," ya ce da ni.

Na kuwa mintsine shi, ba sau ɗaya ba. Ya farka ya zage ni, sannan ya yi min godiya.

A hankali yatsun suka fara saki, ƙaramin ya fara, na kusa da shi ya biyo. Ranar da tafin ya buɗe sai da na toshe hanci. Mai Tausa ya wanke, ya yanke faratan, ya cusa ƙwallon roba a ciki. Amma duk lokacin da ya doshi babban yatsan, sai Baba ya make shi da hannun hagu.

"Baba, ƙarƙashinsa ya fara ruwa fa. Ruɓewa zai yi."

"Ya ruɓe ɗin. Ruɓaɓɓe ba ya dangwaluwa."

Dogo kullum yana bakin taga, yana leƙe ta tsakanin labule. Wata rana na zaga bayan shago zubar da gashi, sai na gan su su biyu, Mai Tausa ya riƙe hannun Dogo yana danna masa babban yatsa, yana juyawa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na ce lallai, gwajin dangwalen ake yi ke nan. Na so in kai wa Baba rahoto, amma a makon jikinsa ya rikice. Ya daina cin abinci, ƙirjinsa na ƙara, idonsa kusan kullum a rufe. Likita ya zo ya duba, ya fita ya sami Dogo a waje, suka daɗe suna magana.

Ran da abin zai faru, da hantsi, ina zaune a kujerata ta gadi aka turo ƙofa. Dogo ne, da kwalbar mai a hannu. Mai Tausa ya tsaya daga waje. Na miƙe na tare hanya.

"Kawu, caje ni," in ji Dogo, ya ɗaga hannuwansa.

Ya ɗauka kunya za ta hana ni. Na caje shi tas, aljihun riga, aljihun wando, har cikin hula. Na sa ya naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu. Babu takarda, babu tawada, ko biro babu. Duk da haka na jawo kujerata na zauna daf da shi.

Ya durƙusa, ya murza mai a tafinsa, ya kama kafaɗar uban. Man ya zuba da yawa har yana ɗiga a zanin gado. Ya gangaro damtse, ya tura sama, yadda ya gani ta taga.

Baba bai buɗe ido ba. "Wannan ba hannun Mai Tausa ba ne," ya ce. "Hannun nan ne da bai taɓa buga ƙusa ta miƙe ba."

Dogo ya yi wata 'yar dariya da ta koma kuka a hanya.

"Mai Aski, ka caje shi?"

"Na caje, Baba. Har hula."

Na zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya miƙa hannun hagu, mai yatsu huɗun nan, ya ɗago na daman da ƙyar, ya ajiye shi a cinyar ɗansa.

"A hankali," ya ce. "Shi kaɗai ya rage min."

Dogo ya kama gindin yatsan yana murzawa, yana juyawa, daidai abin da na ga ana nuna masa a bayan shago. Yatsan ya ƙi, ya ƙi, sannan ya ɗago kaɗan. Ya sa bakin tawul ya share ruwan da ke ƙarƙashi. Baba ya sauke wani dogon numfashi, fuskarsa ta saki, har karkacewar bakin ta ragu. Wallahi tausayi ya kama ni, amma idona bai bar kan yatsan ba. Maganar awon nan da tef, har yau ban gamsu da ita ba.

Kafin rana ta take tsaka numfashin ya tsaya. Dogo bai lura da wuri ba, ya ci gaba da murzawa, sai da na dafa kafaɗarsa na ce Baba ya cika.

Ya ajiye hannun a kan zanin gado, ya miƙe zai fita ya gaya wa mutane. Ya kama mariƙin ƙofa, ya sulɓe saboda mai. Ya sake kamawa, ya sake sulɓewa. Sai ya tsaya kawai, goshinsa jingine da ƙofar, hannuwansa a sake suna sheƙi. Na zo na sa gefen rigata na murɗa masa.