Kwandon Tsakiya

Bana ma wajen tantance lemo na ƙungiyar manoma ya dawo mini da kusan rabin abin da na kai. Wasu sun yi ƙanƙanta, wasu sun yi girma da yawa, sai dai a matse su a yi ruwan kwalba. A tsibirinmu na Jeju lemon tanjarin da ba matsakaici ba ba shi da kasuwa.

Na yanke shawara zan sare itatuwan, in dasa sabon iri. Mahaifina ne ya shuka su, to amma itace ba kabari ba ne da za a zauna ana gadinsa. Inna, mahaifiyata, wadda ta haura tamanin, ta daina cin abinci tare da ni. Ta ɗauke kwanon shinkafarta ta koma ɗakinta.

Ana cikin haka 'yata Da-som ta zo daga birnin Busan, inda take karatun ƙididdiga. Ta tarar da ni ina zuba wa injin zarto mai.

"Baba, wa za a yanka?"

Na ce, "Itatuwan kakanki. Tsufa ya ruɗa su. Malamin gona ya auna ya ce matsakaicin girman lemona daidai yake cif. Ga shi kuma an ƙi rabi."

Ta ce, "Ajiye zarton nan. Ka ara mini safiyar gobe."

Da gari ya waye ta bi gonar layi-layi tana tsinko lemo, kanta a juye gefe don kada ido ya zaɓar mata mai kyau. Duk wanda ta tsinka a gangare, wajen katangar duwatsu, sai ta ɗiga masa jan alƙalami. Ta jera kwanduna biyar a tsakar gida, ta ɗauko katakon nan mai huji-huji da muke gwada girma, ta riƙa jefa kowane lemo a kwandon ajinsa.

Inna ta fito da sandarta. "Ke, kuɗin makarantar da aka kashe, wasan 'yar tsana aka koya miki?"

"Kaka, zauna kawai. Yau asirin wani zai tonu."

Da ta gama, ko ni da ban wuce firamare ba na gani. Kwandon farko ya yi tozo, na ƙarshe ma haka. Na tsakiya, wanda kasuwa ke so, ko gindinsa bai rufe ba.

Da-som ta ƙwanƙwasa shi da ƙafa. "Baba, matsakaicin da malamin ya faɗa maka a nan yake zaune, shi da 'yan tsiraru. Ya haɗa manya da ƙanana ya raba, lissafi ya fita, lemo bai fita ba. Yanzu dubi jan ɗigo."

Ƙananan nan kusan duk masu ɗigo ne. Manyan kuwa da ƙyar ka ga ɗaya. Da bazara, in za a rage ɗanyun 'ya'ya don sauran su samu abinci, ni nake yin tudu, Inna take yin gangare saboda gwiwarta.

Na ce, "Inna, kina ragewa kuwa?"

Ta kau da kai. "Itace ya sha wahala ya haifa, ni in zubar a ƙasa? Kai ba ka san yunwa ba, shi ya sa. Kai kuma da kake tsige su kamar mai fige kaza, dubi abin da ka samu, lemo kamar kan jariri, fata kamar takalmi."

Da-som ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗaya rowa, ɗaya ɓarna. Itatuwan lafiyarsu lau. In kun bi kowane itace tare, kwandon nan zai cika."

Inna ta ce, "Ni dai ba zan zubar ba."

"Wa ya ce ki zubar, tsohuwa? Ki yanyanka ɗanyun ki jiƙa da sukari. A Busan layi ake yi don shan shayinsa."

Inna ta dube ni. "To, mai gida, za ka sare ko kuwa?"

Na ce, "Shekara ɗaya zan ba su. In tsakiyar nan ba ta cika ba, ba ruwana."

Ta ce, "Shekara ɗaya ta ishe ni in koya maka aiki." Ta ɗauki ƙaramin lemo daga kwandon farko ta ɓare, ta tura wa Da-som rabi a baki, sauran ta miƙo mini.