Wadda Ta Zauna da Wadda Ta Tsaya

Mai Ɗinki tana zura zare a allura 'yar maƙwabciyarta ta ɗaga labule, ko sallama babu.

"Gwaggo, Inna ta cika."

Ta soke allurar a bakin zaninta, ta bi ta ba takalmi. An rufe maƙwabciyar, Mai Wanki, da mayafi. A saman gadon hotonsu su biyu yana rataye, ya yi ja don tsufa.

Suna 'yan mata suka ɗauke shi. Mai hoton yana da doguwar riga guda mai ƙyalli, da kujera mai hannu, da labulen da aka zana wa matakalar bene. Ya ce ɗaya ta zauna a matsayin uwar gida, ɗaya ta tsaya da mafici. Rigar ta yi wa Mai Wanki daidai, ita ta zauna.

"In mun dawo, ke za ki zauna," ta ce.

Ba su koma ba. Shagon mai hoton ya zama na gyaran rediyo, ita kuwa uwar gidan ta ƙare rayuwarta a durƙushe gaban bahon wankin mutane, har sabulu ya cinye mata farce.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta wuni tana kallon hoton. Ran nan ta dubi Mai Ɗinki ta ɗaure fuska.

"Ke yarinya, ina mafici?"

"Inna, Gwaggo ce fa," in ji 'yar. "Ba mu da 'yar aiki. Ba mu taɓa..."

"Rufa mana baki," Mai Ɗinki ta ce. Ta yago kwali ta tsaya a gefen hagu. "Ga shi, ranki ya daɗe."

Tun daga ranar kullum sai ta zo. Ta sha faɗa kan ruwa ya yi ɗumi, ta sha kan ba a share bene ba. Duk ta ce a yi haƙuri. Tsoronta ɗaya, kada wani ya farkar da matar nan daga mafarkinta ta mutu a gaban baho.

Ana gobe za ta cika, da la'asar, Mai Wanki ta kama mata hannu.

"Shekara nawa, har yau ba ki iya fifita ba, mai kan kwakwa."

Mai Ɗinki ta dakata da fifitar, ta dube ta.

"Na san ki sarai. Daɗin abin ne na ji." Mai Wanki ta yi tari. "Saura naki zaman."

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yar ta shigo mata da hoton da wata tsohuwar kujerar katako, wadda uwar take hutawa a kai bayan shanya.

"Ta ce a ba ki. Wai ki zauna."

Kujerar tana nan ƙarƙashin hoton. Kowace safiya Mai Ɗinki takan goge ta da bakin zani, ta ɗan tsaya a gefenta na hagu, sannan ta wuce wajen kekenta.