Gyara Na Ce

A sashen nasu na jami'a babu mai kiranta da sunanta. Uwar Ɓeraye ake ce mata, tun daga masu gadi har malamai, don kullum ita ake gani da farar riga tana shiga ɗan ɗakin ƙarshen baranda, inda kejin ɓerayen gwaji ke jere a kan katako. Warin dussa da fitsari ya kama mayafinta, har a motar haya sai ta ga ana janye jiki. Abin bai dame ta ba. Tana son fararen halittun nan masu jajayen idanu, ko ba komai ba sa tambayarta yaushe za ta gama karatu.

Akwai wani ganye da Farfesa, malamin da ke duba aikinta, ya gina sunansa a kai. Ya ce ruwansa yana sauke sukari a jini. Ya faɗa a taruka, ya faɗa a rediyo, har ɗalibai suka manta sunan ganyen suka koma ce masa ganyen Farfesa. Ita kuwa aka ba ta ta gwada shi a jikin ɓeraye masu ciwon sukari: rabi ta ɗura musu ruwan ganyen, rabi ruwa zalla, ta riƙa tsaga bakin wutsiyarsu tana auna jinin. Da wannan aikin za ta samu digirinta na biyu.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Da ta haɗa lissafinta sai ta ga babu wani bambanci tsakanin waɗanda suka sha ganye da waɗanda suka sha ruwa. Ta zargi na'urar awo, ta aro wata. Ta zargi hannunta, ta sake daga farko. Amsar ba ta motsa ba.

Ta kwashi kwamfutarta ta je ofishin Farfesa. Ɗakin da sanyi, bango cike da lambobin yabo, ga shayinsa yana tururi a gefe. Ya sa tabarau ya bi lissafin da gindin biro.

"Ga ɓarayinki nan," ya ce daga bisani, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfutar. "Waɗannan biyar ɗin, su suka ɓata miki aiki."

"Ranka ya daɗe, sun sha ganyen kamar 'yan'uwansu. Sukarin ne bai sauka ba."

"To ba shi ke nan ba? Ɓeran da aka ba magani ya ƙi warkewa, ai ɓeran ne ke da matsala. Fitar da su."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"In na fitar da su, zai nuna kamar ganyen yana aiki."

"Kamar?" Ya zare tabarau. "Ke, tun ba a haife ki ba nake kan ganyen nan. Kin ji na ce ki yi ƙarya? Ni? Gyara na ce. Wane aiki ne ba a yi masa gyara?" Ya tura mata kwamfutar. "Wannan zangon ne na ƙarshe da makaranta ta ba ki, kin sani. Ni kuwa ba na sa hannu a kan shirme. Je ki yi tunani, 'yata."

A baranda ta tarar da Dogo zaune a kan tsohon firjin da ya mutu, yana karkaɗa ƙafa. Dogo ɗalibi ne shi ma, amma ya riga kowa zuwa, har sababbin ɗalibai kan gaishe shi a zaton malami ne.

"Uwar Ɓeraye, yaya na ga ido ya yi ja? 'Ya'yan ne ba lafiya?"

Ta gaya masa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"An ce ki yi gyara ke nan. Barka da shigowa gari! Nawa ya nema?"

"Biyar."

"Biyar kacal? Wallahi yana sonki. Ni tebur guda na sakamako ya ce in ɗauke." Ya nuna gefen kansa. "Kin ga furfurar nan? A barandar nan ta tsiro. Na yi taurin kai irin naki, na ce ni mai gaskiya. Ga ni nan ni da gaskiyar, muna gadin firji."

"Amma Dogo, ba ya aiki fa."

"Wa ya tambaye ki? Ɓera ne fa, ɓera ba ya kai ƙara. Karɓi takardarki ki fita, in kin zama farfesa sai ki yi gaskiyarki a cikin sanyi."

A gida ma ba sauƙi. Babanta ya yi ritaya, ba shi da hira a majalisarsu sai ta 'yarsa mai binciken magani. Mama kuwa ba ta cewa komai, sai dai duk sanda yarinyar ta dawo takan dubi fuskarta, ta dubi jakar, ta koma kan wankinta. Wannan kallon ya fi faɗa ciwo.

Ta yi gyaran wata ranar Talata da hantsi, ɗakin ɓeraye a rufe, fanka tana ƙara. Ta san biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai yagaggen kunne, akwai wata mai cizo da ta taɓa huda mata safar hannu. Ta danna, layinsu ya ɓace. Zanen sakamakon ya miƙe sumul, ya gangara ƙasa gwanin sha'awa, irin gangarar da ta yi ta roƙon Allah ya nuna mata. Ta fita ta wanke hannu a famfo, ta daɗe tana wankewa.

Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce ya jima bai ga sakamako mai tsafta irin wannan ba. Farfesa ya gyara zama ya ce, "Ai 'yata ce, ni na raine ta." Aka tafa. Dogo ya ɗaga mata babban yatsa ta taga.

Da aka ɗaure littafin da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, Baba ya tara dangi a falo. Har Goggo ta zo, yayar Baba, wadda ta yi shekaru tana fama da sukari, ƙafarta ɗaya a kumbure, bakinta kuwa lafiya lau. Aka miƙa wa Yaya, babban wan yarinyar, littafin, ya buɗe shafin ƙarshe yana karantawa yana fassara wa mutane da murya irin ta mai labarai.

"Wannan bincike ya tabbatar da cewa ruwan ganyen yana sauke sukari a jini ƙwarai da gaske."

Falo ya ɗauki kabbara. Goggo ta kama haɓa.

"Ke 'yar nan! Ashe maganina yana hannunki, kike kallona ina tsattsagar ƙwayoyi kamar kaza?"

"Goggo, a jikin ɓeraye aka gwada."

"To ni na fi ɓera taurin rai ne?"

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dubi Goggo.

"Kada ki bar maganin asibiti, Goggo. Ganyen nan ba ya aiki."

Dariyar ta tsaya. Yaya ya dube ta, ya dubi littafin.

"Me ba ya aiki? Ga shi a rubuce, ke kika rubuta. Ga sa hannun manya har uku."

Ta buɗe baki. Ta dubi Baba, yana zaune cikin sabuwar rigarsa tsakanin abokansa biyu, fuskarsa kamar an shafa mai. Ta mayar da idonta ƙasa.

"Ku ƙyale ta," in ji Baba yana murmushi. "Kunya ce. Tun tana ƙarama haka take, in aka yabe ta sai ta ce ba ita ba ce."

"Wace kunya?" in ji Goggo. "Rowa dai! So take sai ta buɗe kamfani ta zuba mana a kwalba."

Dariya ta dawo, ta fi ta farko. Aka shiga zagayawa da littafin hannu zuwa hannu, kowa na shafa bangon.

Da Goggo ta tashi tafiya, yarinyar ta bi ta har bakin ƙofa, ta riƙe mata jaka, ta kama hannunta da hannu biyu.

"Goggo, don girman Allah ki saurare ni. Na canja lissafin. Malamina ne ya sa ni. Ganyen bai yi wa ɓerayen komai ba."

Goggo ta dube ta da tausayi, ta shafa mata kumatu.

"Karatu ya gajiyar da ke, 'yar ƙanena. Ni da na ji Farfesan da kunnena a rediyo? Kwantar da hankalinki, ba sai kin ba ni ba, ga shi nan ya cika bayan gidana. Tun da ubanki ya yi mini albishir na ajiye ƙwayoyin nan, safe da yamma nake shan abina. Ɗan jiri ne kawai yake sa ni, kin san magani in yana aiki." Ta karɓi jakarta. "Kullum na sha sai na sa miki albarka."

Ta tafi tana jan ƙafar, tana dafa bango. Yarinyar ta yi taku biyu za ta bi ta, sai muryar Baba ta fito daga falo.

"Ina mai littafin? Zo mana, ga mai hoto yana jira. Riƙe shi sama yadda rubutun zai fito."