Hoto Na Farko

Masu ciwon suga sun ƙi zama gaban sabuwar na'urar hoton ido da aka kawo ƙaramin asibitin, wai haskenta yana makantarwa. Haushi ya kama Sista, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ɗora haɓarta a kai, aka ɗauke ta hoto.

"Kun gani? Shekarata tara da suga, ko tabarau ban taɓa sawa ba!"

Nan take aka bi layi. Aka tura wa likitan ido hotunan can birni.

Washegari ya bugo wa Sista waya. "Duka da sauƙi, ban da na farkon nan marar suna. Jijiyoyin bayan idon suna zubar da jini. A nemo mai shi yau."



"Likita," ta ce da ƙyar, "ba sai an nema ba. Ni ce."